Yuraniyam a Ruwan Rijiya: Bayani ga Hakiman Ƙasar Daura da Malamansu

Yuraniyam wani ƙarfe ne mai nauyi wanda Allah ya ajiye kaɗan kaɗan cikin duwatsu, musamman masu taurin nan da ake fasawa a yi tsakuwar gini. Inda ya taru da yawa sai a haƙa. A Jamhuriyar Nijar kamfanin Somair ya fara fid da shi a Arlit cikin 1971, Cominak kuma ya bi baya a 1978, har aka rufe raminsa a 2021. Cikin 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi ruwa a wurare biyar a can, aka auna, huɗu suka wuce ƙa'idar da ake bi a lokacin.

Tsakanin Arlit da Daura kusan mil 400 ne, ruwan can ba ya iso nan. Amma halin ƙarfen nan ɗaya ne ko'ina, don haka ya kamata masu riƙon ƙasa su san shi.

Abin lura shi ne, samuwarsa cikin ƙasa ba ita ke ɓata ruwa ba, sai in ya sami hanyar tafiya. Jar ƙasa da marmara suna da tsatsar ƙarfe a jikin ƙwayoyinsu, tsatsar nan kuwa takan kama yuraniyam ta riƙe, kamar yadda ƙarangiya ke kama riga. Yumɓu ma yana riƙewa. Haka kuma baƙin taɓon fadama, inda iska ba ta shiga: can yakan daskare ya kwanta. To, amma in ruwa yana da iska a cikinsa, kuma yana ɗauke da gishiri irin na kanwa ko farar ƙasa, sai yuraniyam ya haɗu da gishirin nan, tsatsa ta kasa riƙe shi, ya bi ruwa ta cikin rairayi har ya faɗa rijiya. Takin zamani in ya yi yawa ya tsiyaye ƙasa, shi ma yakan tayar da wanda ya kwanta. Saboda haka rijiyoyi biyu a gari ɗaya suna iya bambanta ƙwarai.

Ba ya sāke wa ruwa kama ko ɗanɗano, tafasawa kuma ba ta fid da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi. Ɓarnarsa a ƙoda take, a hankali, cikin shekaru. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da iyaka: maikirogiram 30 cikin lita guda, watau abin da ido ba ya gani.

In za a haƙa sabuwar burtsatse, ko a Zango ne ko a Baure ko Mai'aduwa, lalle hakimi ya nemi hukumar ruwa ta jiha ta auna ruwan kafin a buɗe wa jama'a, ya kuma ambaci yuraniyam da sunansa, gama awon yau da kullum sau da yawa ba ya haɗawa da shi. Malami ya shigar cikin littafi: sunan unguwa, zurfin rijiya, irin ƙasar da aka tarar, da ranar da aka yi awo.