Tafkin Bosumtwi: Mahaɗar Baƙi a Ƙasar Asante

1.0 Gabatarwa

A Hausa, kalmar zango tana nufin wurin da ayari ke yada kaya ya huta kafin ya ci gaba da tafiya. Daga nan ne unguwannin baƙi na ƙasar Gana suka samo sunansu, ciki har da Zangon Kumasi, wanda ya bunƙasa bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da kuma shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896. Goro ne ya tara fatake a can. Wannan takarda za ta duba wani abu daban da ke tara matafiya a wannan yanki, wato Tafkin Bosumtwi.

2.0 Yanayin Tafkin

Tafkin yana kudu maso gabashin Kumasi, tazarar kimanin kilomita 30. Faɗinsa ya kai kilomita 8, kuma tsaunuka sun kewaye shi ta kowace fuska. Koramu na zuba a cikinsa, amma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Saboda haka ruwan sama da zafin rana ne ke sa shi cika ko janyewa.

3.0 Yadda Jama'a Ke Kallon Sa

Ga Tonawa, wato mutanen Asante, wurin mai tsarki ne. Sun yi imani cewa rayukan matattu kan biyo ta nan su yi bankwana. Tatsuniyarsu ta ce wani maharbi ne ya gano shi yayin da yake bin sawun dabbar da ya harba. A al'adance ba a shiga ruwan da kwalekwale ko ƙarfe; masunta kan hau wani falankin itace da ake kira padua, suna tuƙi da hannuwa.

Su kuwa masana kimiyya sun tabbatar cewa wani dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa ramin. A 2004 masana daga ƙasashe daban-daban suka haƙo laka da duwatsu daga ƙarƙashin tafkin domin nazarin tarihin yanayin Afirka ta Yamma.

Ga Musulmin zango, Bahaushe ne ko Bamoshe ko Badagombe, tafkin aya ce daga ayoyin Ubangiji. A ƙauyen Abono, inda yawancin maziyarta ke sauka, akan ji Tuwi da Hausa da Ingilishi a bakin ruwa ɗaya, musamman a ranakun hutu. Kowa da irin bayaninsa, amma mamakin ɗaya ne, kuma shi ke buɗe hira tsakanin waɗanda ba su san juna ba.

4.0 Kammalawa

Haɗuwar nan tana da nauyi a kanta. Kifin da ƙauyukan bakin tafkin suka dogara da shi ya ragu, sare itatuwa kuma yana kwararo ƙasa cikin ruwa. A 2016 UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren da ake kare halittunsu. Tsohuwar ƙa'idar zango ta dace da wannan wuri: baƙo ya girmama al'adar mai masauki, ya kuma bar masauki yadda ayarin da ke baya zai iya sauka.