Yadda A Ke Gane Sassan Tsohon Baka Da Gyaransa

A hutun da ya wuce na je gida, a wani ƙauye da ke cikin ƙasar Bwari, na ga bakan kakana da kwarinsa rataye a rufin zaure, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin. Da na sauko da bakan sai na ja shi don in gwada ƙarfina. Nan take tsirkiya ta tsinke ta tsula mini a hannu. Wani tsohon maharbi maƙwabcinmu ya ce, "Malam, Allah ya rufa maka asiri da ba kwarin ka fara sa wa hannu ba." Na ce, "Don me, Baba?" Abin da ya koya mini a kwanakin nan shi na ke so in gaya muku, domin da yawa daga cikinmu za mu tarar da irin waɗannan kaya a garuruwan da za mu koyar.

Baka ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, bayan da gidan sarautarsu ya baro Zariya a zamanin jihadi, kuma 'yan baka na cikin waɗanda su ka tsare garin a tsakanin duwatsunsa. Gwarawa kuwa tun dā an san su da harbi. A 1976 aka keɓe ƙasar sabon babban birni, ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja. Yau inda maharba su ke bin sawun gada ya zama unguwanni, bakunansu kuwa suna ta ruɓewa a zauruka.

Da farko sai a san sassan. Akwai itacen bakan, wanda a kan yi da gora ko da wani itace mai tauri da ba shi saurin karyewa in an tanƙwara shi. Akwai tsirkiya, watau murɗaɗɗiyar fata wadda a ke ɗaurawa a kawunan bakan biyu. Kibiya kuma kashi biyu ce: kyauro, da ƙarfen da maƙeri ya ƙera mai tsini da kunnuwa. A kan naɗe mahaɗarsu da jijiya don kada kyauron ya tsage. Kibiyarmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin ta Turawa, saboda haka in kun ga mai gashi, ku yi bincike kafin ku ce ta nan ce. Sa'an nan sai kwari, gidan kibau, wanda baduku ya kan rufe da fata.

To, ga dalilin maganar tsohon nan. Baƙin abin da ke manne a wuyan ƙarfen kibiya ba datti ba ne, dafi ne. Da 'ya'yan kwankwani a ke haɗa shi, kuma zuciya ya ke kamawa. Ya kan yi shekaru da yawa ƙarfinsa bai tafi ba. Don haka kada a zura hannu cikin kwari. A juye kibau a kan tabarma, a ɗauke su ta wajen kyauro, a kuma nisanta su daga yara.

Wajen gyara, a fara kwance tsohuwar tsirkiya, a adana ta don a ga irin ɗaurinta. A goge itacen da busasshen tsumma, a duba ko akwai tsaga, ko 'yan ramukan da ƙwari su ka huda. In gari yana zubowa daga ramukan, bakan nan ya gama harbi, sai ajiya. In lafiyayye ne, a shafa masa man kaɗanya kaɗan kaɗan har kwanaki, ya sha, tukuna a ɗaura sabuwar tsirkiya, a riƙa jansa sannu a hankali. Kada a kankare shi da wuƙa don ya yi ƙyalli, domin zane da naɗin fata da ke jikinsa su ke nuna inda ya fito. Kada kuma a ja tsirkiya a sake ta ba kibiya, gama ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi sai ya koma kan itacen ya fasa shi.

Wannan doka ta ƙarshe ta shafi har bakan zamani na Amurka, mai 'yan ƙafafu masu juyawa a kawunansa. Wani mutum mai suna Holless Wilbur Allen, na jihar Missouri, shi ya ƙago shi, ya nemi takardar mallakarsa a 1966, aka ba shi a 1969. Amfanin ƙafafun nan shi ne, in an ja tsirkiya ta kai ƙarshe sai nauyinta ya ragu, maharbi ya sami sukunin auna abin harbinsa. Masu gyaran tsofaffin irinsa su kan duba sunan kamfani da lambobin da ke jikinsa don su san nauyin jansa da tsawon tsirkiyarsa, kuma ba su kwance shi sai sun danne shi da wata na'ura.

Namu ba shi da lamba ko sunan kamfani. Shaidarsa tana bakin tsofaffi kaɗai, su kuwa kullum raguwa su ke yi. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya sami tsohon baka, ya tambayi wanda ya yi shi, da irin itacen, da abin da aka harba da shi, ya rubuta a takarda ya liƙa a jikinsa. Na kakana yanzu yana rataye da sabuwar tsirkiya da takardarsa, kibau kuwa suna cikin akwati a kulle.