Sandar riƙe aksil

Sandar riƙe aksil, wadda masu gyaran mota a Amurka ke kira tirakshan ba, doguwar sanda ce ta ƙarfe da ake ɗaurawa tsakanin aksil ɗin baya da shasin mota domin ta hana gidan aksil murɗewa a lokacin da direba ya taka totur da ƙarfi. An fi sanya ta a motocin a-kori-kura da motocin tsere waɗanda bayansu ke zaune a kan sifirin mai falle-falle. Yawanci biyu ake sawa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Akwai waɗanda kamfanoni ke sayarwa a shirye, akwai kuma waɗanda mai walda ke ƙerawa daidai da awon motar da aka kawo masa.

Matsalar da take magancewa

A yawancin motocin a-kori-kura, sifirin ɗin baya yana yin aiki uku a lokaci guda: yana ɗaukar nauyin mota, yana riƙe aksil a mazauninsa, kuma ta jikinsa ne ƙarfin tayoyi ke isa ga shasi ya tura motar gaba. Ana kiran wannan tsari da sunan Hotchkiss, wani kamfanin ƙera motoci na ƙasar Faransa da ya yi amfani da shi a farkon ƙarni na 20. Tsari ne mai arha, mai sauƙin gyara, mai jure kaya, shi ya sa har yau ake samunsa a bayan motoci irin su Toyota Hilux da Ford F-250.

Rauninsa yana fitowa ne wajen tashi. Idan farfela ta juya haƙoran da ke cikin aksil, tayoyi suna juyawa gaba, shi kuma gidan aksil sai ya nemi juyawa baya da ƙarfi daidai da wancan. Hancinsa, wato inda farfela ke shiga, sai ya ɗaga sama. Abin da ke tare wannan juyi shi ne sifirin kaɗai, alhali an yi shi ne don ya lanƙwasa. Idan ƙarfin ya yi yawa sai ya karkace ya ɗauki siffar harafin S. Wannan shi ne murɗewar aksil.

Ƙarfin da ke isa aksil ya ninka wanda inji ke fitarwa sau da yawa, saboda giya tana ninka shi. Misali, injin da ke ba da ƙarfin juyi na Nm 800, idan giya ta ɗaya ta ninka shi sau 4, haƙoran aksil suka sake ninkawa sau 4, abin da zai isa tayoyi ya kai Nm 12,800. Duk wannan ƙarfi a kan fallayen sifirin yake komawa.

Idan sifirin ya murɗe har taya ta sulɓe, sai ya warware da ƙarfi ya doka tayar a ƙasa. Tayar ta sake kamawa, sifirin ya sake murɗewa, a haka abin ke maimaituwa sau da dama cikin daƙiƙa guda. Direba zai ji bayan motar yana tsalle yana girgiza. Wannan tsallen taya yana iya karya mahaɗar farfela, ya tsinka sandar da ke juya taya a cikin aksil, ya fasa fallen sifirin, ko ya lalata shokazoba. An fi ganinsa a kan yashi, da tsakuwa, da jiƙaƙƙiyar kwalta, da kuma lokacin da mota ke tashi da tirela mai nauyi a baya.

Abubuwa uku ne suka fi tsananta matsalar. Na farko, ƙara wa inji ƙarfi. Na biyu, sanya manyan tayoyi masu kama ƙasa sosai. Na uku, ɗaga mota ta hanyar cusa tubalin ƙarfe tsakanin aksil da sifirin, domin duk nisan da aka ƙara tsakanin biyun yana ba aksil damar murɗa sifirin cikin sauƙi, kamar yadda doguwar sifana ke kwance noti da gajeriya ta kasa.

Tarihi

Tun farkon ƙera motoci injiniyoyi sun san da wannan matsala. Kamfanin Ford ya daɗe yana rufe farfela a cikin wani ƙaƙƙarfan bututu da ke haɗe da aksil, wanda shi ke tare juyin. Da wannan tsari aka yi Model T, kuma ƙananan motocin kamfanin ba su bar shi ba sai da aka fitar da ƙirar 1949.

Sandar riƙe aksil ta yi suna a Amurka a shekarun 1960, lokacin da aka riƙa sanya manyan injuna a ƙananan motoci ana tseren gajeren zango da su. Motar Shelby GT350 ta 1965 ta fito da irin waɗannan sanduna tun daga masana'anta. A 1968 Chevrolet ta sauya zaman shokazoba na Camaro, ɗaya a gaban aksil ɗaya a bayansa, don rage tsallen taya.

Daga baya abin ya koma kan motocin a-kori-kura masu injin dizal. Dodge Ram ta 1989 mai injin Cummins tana ba da kimanin Nm 540. A 2019 Ram 3500 ta kai kimanin Nm 1,350. Masu irin waɗannan motoci, musamman masu shiga gasar jan nauyi da ake yi a bukukuwan karkara a Amurka, sukan ƙara wa injin ƙarfi fiye da haka, don haka sandar ta zama cikin kayan da suke fara sawa.

Nau'o'i

Sanda mai mari ita ce mafi sauƙi. Ana ɗaure ta a ƙarƙashin sifirin, ta miƙe gaba, da ɗan dunƙulen roba a bakinta. Idan aksil ya fara juyawa, bakin sandar yana ɗagawa ya daki gaban sifirin ya tsayar da juyin. An fi ganinta a motocin tsere.

Doguwar sanda guda ita ce aka fi sani a motocin a-kori-kura. Tana tashi daga wani kunnen ƙarfe da ke ƙasan aksil ta je ta kama shasi can gaba. Da yake ƙasan gidan aksil gaba yake neman tafiya idan an taka totur, matsa sandar ake yi a lokacin. Idan kuma aka taka birki, jan ta ake yi.

Sanda mai siffar tsani tana kama aksil a wuri biyu, sama da ƙasa, sannan ta haɗe a wuri ɗaya a gaba. Masu hawan duwatsu da mota sukan sa guda ɗaya kusa da tsakiyar aksil, su rataye gabanta da ɗan lilon ƙarfe, domin tayoyi su ci gaba da hawa da sauka ba tare da sandar ta riƙe su ba.

Akwai kuma irin ta CalTracs ta kamfanin Calvert Racing, wadda ke da ɗan faranti mai juyawa a gaban sifirin. Idan sandar ta tura farantin, sai ya danna fallen sifirin ya hana shi karkacewa.

Ƙerawa da ɗaurawa

Babban abin lura shi ne awo. Idan mota ta faɗa rami ko aka loda mata kaya, aksil ba ya tafiya sama a miƙe; yana bin ɗan baka ne wanda rabin gaban sifirin ke tsara masa. Ita ma sandar tana da nata bakan. Idan biyun suka saɓa, sandar za ta riƙa ja da sifirin, bayan motar ya sandare, a ƙarshe kunnuwan ƙarfen su tsage. Saboda haka maƙera ke yin sandar doguwa, su kwantar da ita yadda ba za ta yi tsaye da yawa ba, su kuma sa zamanta ya yi kusa da zaman rabin gaban sifirin. Amma tsawo ma yana da nasa haɗari: doguwar sanda siririya tana iya lanƙwashewa idan aka matsa ta. Don haka ake amfani da bututun ƙarfe mai kauri, galibi mai faɗin inci 2 da kaurin jiki kusan rubu'in inci.

A bakunan sandar ana sa ko dai bushin na roba, ko mahaɗa mai ƙwallon ƙarfe. Roba tana shanye girgiza kuma ba ta ƙara, sai dai tana ɗan ba da kai. Ƙwallon ƙarfe ba ya ba da kai, amma yana kai ƙara cikin mota, kuma ƙura da laka suna cinye shi. Mutane da yawa suna haɗa biyun, roba a gefen shasi, ƙwallo a gefen aksil. Idan aka yi wa baki ɗaya zaren noti na dama, ɗayan na hagu, ana iya ƙara tsawon sandar ko rage shi ta hanyar juya ta kawai.

Wajen walda kunnuwa a jikin aksil, ana yin ta ne kaɗan-kaɗan ana bari ƙarfe ya huce, domin zafi mai yawa yana karkata bututun aksil, abin da ke jawo cin taya da lalacewar boris. A gefen shasi an fi son ɗaurawa da noti a jikin bangonsa na tsaye. Masu ƙera motoci suna hana huda ko walda leɓen shasi na sama da na ƙasa, saboda nan ne ya fi ɗaukar nauyi. Kafin a fara aiki ana cire batir, a kuma kauce wa bututun mai, da na birki, da wayoyin da ke bin shasi.

Ana yin awon ƙarshe da ɗaurin ƙarshe ne bayan an sauke mota daga jak, tana tsaye a kan tayoyinta a wuri mai daidai. Idan aka ɗaure sandar aksil yana rataye, za ta kasance a matse da zarar an sauke motar. Bayan an yi 'yan tafiye-tafiye ana sake duba notuna da wuraren walda.

Amfani da illa

Sandar da aka auna daidai tana kawar da tsallen taya, tana riƙe hancin aksil a daidai da farfela, tana kuma tsawaita rayuwar sifirin da mahaɗar farfela. Ba ta ƙara yawan kayan da mota za ta iya ɗauka, domin wannan ya dogara ne ga sifirin, da aksil, da taya, da birki. Tana rage tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa, don haka takan daki dutse ko kunya a hanyar daji. Idan walda ta saki mota tana gudu, bakin sandar na gaba yana iya caka ƙasa ya karkatar da motar. Motar da injinta yake yadda ya fito daga kamfani, ba a ɗaga ta ba, ba ta kuma tsalle wajen tashi, galibi ba ta bukatar sandar.

Wasu hanyoyin

Ana iya rage murɗewar aksil ta hanyar cire tubalin ɗagawa a sa sifirin mai baka sosai a madadinsa, ko ƙara falle a rabin gaban sifirin, ko sauya tsofaffin notunan da ke ɗaure aksil da sifirin. Wasu kamfanoni kuma sun sauya tsarin gaba ɗaya zuwa sifirin mai naɗi, inda hannuwan ƙarfe ke riƙe aksil tun daga masana'anta. Ram 1500 ta koma wannan tsari a ƙirar 2009, Ram 2500 a 2014, Toyota Tundra kuma a 2022.