Motar LEGO Technic matsakaiciya: leƙa cikinta kafin ka biya kuɗi

 Yau za mu yi magana ne a kan motocin LEGO Technic, waɗannan da ake sayarwa gutsu-gutsu a kwali, mutum ya zauna ya harhaɗa da hannunsa. Na san wani zai ce, kai, wasan yara kuma? To, wanda duk ya taɓa ƙera motar kara ko ta gwangwani yana yaro ya san daɗin da nake magana a kai. Bambancin kawai shi ne wannan da kuɗi ake saye, kuɗin kuma da dala ake lissafa shi kafin ya iso hannunmu. Shi ya sa zaɓen yake buƙatar natsuwa.

Kamfanin LEGO na ƙasar Denmak ne. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a garin Billund a 1932, kuma da kayan wasa na katako ya fara. A 1977 suka fito da jerin da daga baya aka sa wa suna Technic. Shi wannan jerin, sanduna ne masu huji, da ƙusoshin roba, da aksil, da giya masu haƙora. Wato abin da kake haɗawa yana motsi kamar ƙaramin inji.

Me nake nufi da matsakaiciya? A lissafina, daga guntaye wajen 600 zuwa wajen 1,500. Ƙasa da haka za ka samu ƙananan da ake ja baya a saki su ruga, irin na Monster Jam. Suna da daɗin wasa amma cikinsu ba wani abu sosai. Sama da haka kuma akwai manyan gwanaye irin Lamborghini Sián mai guntaye 3,696 da Ferrari Daytona SP3 mai 3,778, waɗanda farashinsu ya kai wajen dala 400 tun ranar fitowa. Ga ɗalibi ko mai hidimar ƙasa, wannan ba maganar yi ba ce. Matsakaitan kuwa sukan fara ne daga wajen dala 50 zuwa dala ɗari da wani abu, kuma kana iya gama su a yini ɗaya ko ƙarshen mako.

To ga maganar da nake so ku riƙe: ku zaɓi mota saboda abin da ke motsi a cikinta. Sunan Bugatti ko McLaren da ke jikin kwali ba shi zai koya maka komai ba, yawan guntaye ma haka. Mota na iya cinye guntaye ɗaruruwa a gyaran jiki kawai, cikinta fayau.

Abubuwa biyar nake dubawa. Na farko sitiyari, kusan kowacce tana da shi. Na biyu inji mai fistin da ke hawa da sauka idan ka tura motar. Na uku sifirin na tayoyi, wanda ke shanye gargada. Na huɗu giyabos. Na biyar kuma difaranshiyal, wanda bari in ɗan yi bayaninsa. Idan mota za ta sha kwana, tayar da ke waje tana yin tafiya mai tsawo fiye da ta ciki. Da a ce ƙarfe ɗaya ya ɗaure su, dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa. Difaranshiyal wasu ƙananan giya ne a cikin gida ɗaya da ke ba kowace taya damar juyawa da saurinta, alhali inji yana tura su duka biyun. Za a iya zana maka shi a allo sau goma ba ka gane ba, amma ranar da ka haɗa shi da yatsunka, ka juya taya ɗaya ka ga ɗayar ta juya baya, shi ke nan ya zauna. Gani ya kori ji.

Giya ma haka take. Idan ƙarama mai haƙora 8 tana juya babba mai haƙora 24, sai ƙaramar ta zagaya sau uku kafin babbar ta zagaya sau ɗaya. Sauri ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Dalilin da ya sa direban tifa ke komawa giya ta ɗaya a hawan tudu ke nan.

Yanzu bari mu auna wasu da wannan ma'aunin, zan riƙa faɗin lambar kowacce domin da ita ake nema.

McLaren Senna GTR, lamba 42123, ta 2021, guntaye 830. Tana da injin V8 mai fistin masu motsi, da sitiyari, da ƙofofi masu ɗagawa sama. Ba ta da giyabos, kuma sitika ta yi mata yawa. Bugatti Bolide, lamba 42151, ta 2023, guntaye 905, ita ma kusan gidansu ɗaya: injin W16, sitiyari, ƙofofi masu kyau. Waɗannan biyun na mai son ya ɗora a kan tebur ne, ya ɗauki hoto. Ba laifi ba ne, amma ka san abin da ka saya.

Jeep Wrangler, lamba 42122, guntaye 665. Aksil ɗinta na karkacewa idan ta hau kan wani abu, tana da igiyar ja a gaba, tana jure wasa. Sai dai babu fistin a cikinta ko ɗaya. Ga ƙane mai shekara tara ko goma ta yi daidai. Ga mai son ganin yadda inji ke aiki, ba ta isa ba.

Ga kuma waɗanda ba su da babban suna amma cikinsu cike yake. All-Terrain Vehicle, lamba 42139, ta 2022, guntaye 764, taya shida. Tana da giyabos mai giya biyu, da inji mai motsi, da igiyar ja, da bayan da ke juye kaya. A wurina wannan kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Masu son babur kuma akwai Ducati Panigale V4 R, lamba 42107, ta 2020, guntaye 646, ita ma da giya biyu da sifirin gaba da baya.

Idan motocin aiki ne suka fi burge ka, duba Mobile Crane, lamba 42108, guntaye 1,292: taya takwas, ƙafafu huɗu na tokare ƙasa, da hannu mai miƙewa. Ko Material Handler, lamba 42144, guntaye 835, wadda iska ke ɗaga hannunta. Famfo ne ƙarami kake dannawa, iska ta bi siririn tiyo ta tura silinda. Katafila ta gaske da mai take yin wannan aikin, amma dabarar ɗaya ce.

A saman wannan rukunin akwai Ford GT, lamba 42154, ta 2023, guntaye 1,466, kan dala 120 lokacin da ta fito. Injin V6, difaranshiyal a baya, sifirin a duka tayoyi huɗu. Giyabos ne kawai babu. Idan aljihu ya yarda kuma motar tsere kake so, ita zan nuna maka.

Sai waɗanda ake tuƙawa da waya ta manhajar Control+. Ku yi hattara a nan. Yawancin kuɗinsu yana tafiya ne a kan moto da akwatin batir, guntayen kaɗan ne, kuma in babu batir ko wayar da manhajar ke aiki a kanta, motar ta zama ado.

Ta yaya za ka san cikin mota tun ba ka saya ba? Abu ne mai sauƙi. LEGO na sa littafin haɗa kowace mota kyauta a shafinsu na intanet da kuma manhajar LEGO Builder. Sa lambar, buɗe littafin, duba shafukan farko. A nan ake haɗa ƙashin motar. In ka ga giya da aksil suna ta shiga, alama ce mai kyau. In kuma tun da wuri aka koma jera fale-falen jiki, ka gane.

Wasu daga cikin waɗanda na lissafa an daina buga su, domin kamfanin kan janye kaya bayan 'yan shekaru, sai dai a same su a hannu. Mai sayen na hannu ya buɗe littafin, ya ƙirga giya da sifirin da tayoyi a gaban mai sayarwa, domin giya ɗaya in ta ɓata, aikin ya tsaya. Akwai kuma kamfanonin Chaina irin CaDA masu nasu motocin a farashi mai sauƙi. Ba haramun ba ne sayensu, matuƙar ba a karɓi kuɗin LEGO a hannunka an ba ka wani abu daban ba. Guntayen asali galibi suna ɗauke da sunan LEGO a jikinsu da ƙananan haruffa.

Bayan ka gama haɗawa, nisanta ta da rana, domin robar na dusashewa, kuma lokacin hunturu a rufe ta, ƙura na cika haƙoran giya. A gidan da akwai yaro ƙasa da shekara uku, a ɗaga guntayen sama, suna iya shaƙe shi.

Shawarata ta ƙarshe: in kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi mai giya da yawa. Wannan ya haɗa, ya wargaza, ya miƙa wa na gaba. Daga nan ku ajiye littafin, ku gwada ƙera Keke Napep ko amalanke da guntayen, ku ga ko za ta sha kwana.

Mu haɗu a shiri na gaba.