Idan Allo Ya Yi Ja Bayan Ƙaurar Aiki

Mai haɗa bidiyon biki a Jega ko Aliero ya kwashe aikinsa zuwa rumbun ajiya na waje, ya buɗe Premiere Pro, sai ga jan allo. Hotunan suna nan daram. Fayil ɗin aikin adireshinsu kawai yake riƙewa, Windows kuma kan sauya harafin rumbu, D ya koma E, adireshi ya ɓata. A danna Link Media, a nuna wa Premiere fayil guda, zai gano sauran 'yan foldar da kansa. Wanda ya sauya wa fayiloli suna shi ke shan wuya, sai ya bi su ɗaya-ɗaya. Gara a tattara komai da Project Manager tun kafin ƙaura.