Hoton biki da dare a Icirnawa: gara yashi-yashi da dishi-dishi

Da an gama girbin gero da gyaɗa, bukukuwan aure suna yawaita a yankin Matamaye, kuma mafi yawan shagalin sai bayan Isha'i. A ƙauyukan Icirnawa hasken dandali bai wuce ƙwai ɗaya ko biyu na sola ba, ko kuma gurup ɗin da aka yi haya. Washegari sai rigima ta tashi tsakanin dangin amarya da mai hoto: fuskoki sun yi duhu, masu rawa sun zama kamar hayaƙi. Ga shi biki ba a maimaita shi.

Galibi matsalar tana wajen lambar da ake kira ISO, wadda ke nuna yadda kamara ke ƙarfafa ɗan hasken da ta samu. Duk lokacin da aka ninka ta, daga 400 zuwa 800, ko daga 800 zuwa 1600, kamara na iya wadatuwa da rabin hasken da take bukata a da. Illarta ita ce ɗigo-ɗigo kamar yashi a jikin hoton, abin da ake cewa "bruit" da Faransanci. Tsoron wannan yashi ke sa samari da yawa su tsaya a 400. Sai kamara ta rama ta hanyar barin idonta a buɗe tsawon lokaci, amarya ta ɗan juya kai, hoto ya lalace.

A ganina sun yi lissafin a baibai. Yashi ana rage shi a kwamfuta, kuma da ƙyar ake lura da shi a allon salula ko a katin santimita 10 da 15, inda yawancin hotunanmu ke ƙarewa. Fuskar da ta yi dishi-dishi kuwa ta tafi ke nan. Don haka a fara tsayar da saurin ƙiftawa: 1/125 na daƙiƙa ga mutanen da ke zaune, 1/250 ga masu rawar kalangu. Daga nan a bar ISO ta hau 3200, ko 6400 in kamarar ta jure.

Gilashin ma da nasa. Wanda ake sayarwa tare da ƙananan Canon da Nikon, 18-55, in an jawo shi ƙarshe yana tsayawa a f/5.6. Gilashin milimita 50 mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma, kuma yana cikin mafi arha.

Sai kuma farar shadda. Ango da abokansa sanye da farare suna ruɗar ma'aunin kamara, ta rage haske, baƙar fata ta nutse cikin duhu. A auna hasken a kan fuska, ko da riga za ta ɗan yi fari fat.

Filas ba laifi ba ne. Da shi Malick Sidibé ya ɗauki daren Bamako, Philippe Koudjina kuma na Yamai, a shekarun 1960 da 1970. Amma a fili, inda babu rufin da zai maido da haske, filas na haska na gaba ne kawai, taron baya ya ɓace. Mafi sauƙi shi ne a roƙi ƙawaye su matso da tabarmar amarya kusa da fitila, yadda hasken zai sauka a fuskarta daga gefe, mai hoto kuma ya tsaya fitilar tana bayan kafaɗarsa.