Ambaliya Da Rani: Yadda Ake Tsara Tafiyar Kallon Namun Daji A Fadamar Okabango

Gabatarwa

Kalmar "safari", wadda ake kiran tafiyar kallon namun daji da ita, Turawa sun aro ta ne daga harshen Suwahili, shi kuwa ya samo ta daga Larabci. Tushenta ɗaya ke nan da "safara" ta Hausa. A da, safari tafiya ce ta mafarauta da bindigogi da 'yan dako. A yau kuwa galibi ta masu kyamara ce, har ma akwai ta ƙasaita, wadda attajirai ke biyan kuɗi masu yawa domin su kwana a tsakiyar dawa cikin jin daɗi. Ɗaya daga cikin wuraren da suka yi fice a wannan harka shi ne fadamar Okabango da ke arewa maso yammacin ƙasar Botswana. Sai dai kuɗi kaɗai ba su isa su tsara wannan tafiya ba. Dole ne mai shirin ya san halin ruwan wurin, domin ruwa ne ke juya dabbobin da zai je kallo.

Kogin Da Ba Ya Kaiwa Teku

Kogin Okabango ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Angola, ya ratsa Namibiya, sa'an nan ya shiga Botswana. Maimakon ya zuba a teku kamar sauran manyan koguna, sai ya bazu a kan rairayin Kalahari, ya zama wata ƙatuwar fadama mai rassa da tsibirai. Sama da kashi 95 cikin 100 na ruwan yakan koma sama ne, ta hanyar tururi da kuma ta ganyen itatuwa da ciyayi.

Abin mamaki shi ne lokacin da ruwan ke zuwa. Damina a wannan sashe na Afirka takan kama daga Nuwamba zuwa Maris. Ruwan da ya sauka a Angola yakan iso bakin fadamar wajen Maris ko Afrilu. Daga nan sai tafiyarsa ta koma ta hawainiya, saboda ƙasar a shimfiɗe take, gangararta ba ta wuce mita 60 ba a tsawon kilomita 250, ga kuma ciyayin ruwa da ke tare shi. Yakan ɗauki kimanin wata huɗu kafin ya kai garin Maun da ke ƙarshen fadamar. Saboda haka cikar ruwan takan zo ne tsakanin Yuni da Agusta, wato tsakiyar rani, lokacin da faɗin fadamar kan tashi daga wajen murabba'in kilomita 6,000 zuwa kamar 15,000. Mazauna bakin Tafkin Chadi sun san irin wannan, domin shi ma sai bayan damina ta wuce yake cika.

Zaɓen Lokaci

Wannan saɓani tsakanin damina da ambaliya shi ne ginshiƙin shirin tafiyar. Da rani, idan kududdufan dawa suka ƙafe, giwaye da ɓauna da jakunan dawa sukan yi tururuwa zuwa bakin fadama, zakuna da kuraye da kyarketai kuma su biyo sawunsu. Ciyawa ta bushe, ido yana kaiwa nesa. Don haka daga Yuni zuwa Oktoba ne aka fi ganin dabbobi, a lokacin ne kuma masauki ya fi tsada, har akan kama wuri tun da kusan shekara guda. A Yuni da Yuli sanyin dare yakan yi tsanani ƙwarai, a Oktoba kuwa zafi kan kai digiri 40.

Damina ma tana da nata amfani. A lokacin ne bareyi ke haihuwa, tsuntsaye masu ƙaura kuma su iso daga arewa, farashi ya sauka. Illarta ita ce dabbobi sukan warwatsu cikin daji, sauro kuma ya yawaita.

Zaɓen Sansani

Sansanonin fadamar iri biyu ne. Akwai na cikin ruwa, inda ake yawo da wani siririn kwalekwale da ake kira mokoro, wanda ake turawa da doguwar sanda. A da akan sassaƙa shi daga manyan itatuwa irin su kanya, amma yanzu akasari da wata roba mai ƙarfi ake yin sa domin a bar itatuwan su rayu. Akwai kuma na tudu, inda ake fita da mota da asuba da kuma la'asar sakaliya, lokutan da zaki da damisa suka fi motsi. Gogaggun masu shirya tafiya sukan raba kwanakin baƙo tsakanin iri biyun.

Mai lura zai ga cewa dabbobi ne da kansu suka gina wannan wuri. Yawancin tsibiran sun samo asali ne daga surin gara, wanda itatuwa suka tsiro a kansa. Dorina kuwa, da yawan zirga-zirgarta cikin ciyayi, ita ke buɗe hanyoyin da ruwa ke bi.

Hanya, Kaya Da Lafiya

Yawancin sansanonin mota ba ta isa gare su lokacin ambaliya, sai dai ƙananan jiragen sama da ke tashi daga Maun. Saboda ƙanƙantarsu, akan ƙayyade kayan mutum, galibi kilo 20, cikin jaka mai laushi. Akan zaɓi tufafi masu launin ƙasa, tare da rigar sanyi da tabarau mai hangen nesa.

Ta fuskar lafiya, akwai zazzaɓin cizon sauro a yankin, saboda haka wajibi ne a ga likita kafin tashi. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, irin su Nijeriya da Nijar, sai ya nuna katin rigakafi. Ƙudan tsando kuwa, wanda ya daɗe yana addabar yankin, an kawar da shi ta hanyar feshin magani daga jiragen sama a 2001 da 2002. Galibin sansanoni ba su da shinge, shi ya sa ba a barin baƙo ya fita da dare sai da rakiyar ma'aikaci.

Me Ya Kawo Tsadar?

A manyan sansanoni kwana ɗaya yakan haura dala 1,000 ga mutum guda. Dalili na farko shi ne nisa: abinci da mai da sauran kaya duk daga nesa ake kai su. Na biyu kuwa manufar gwamnati ce. A 1990 Botswana ta tsayar da tsarin karɓar baƙi kaɗan masu biya da yawa, domin kada yawan motoci da shara su lalata dajin. An ƙayyade yawan gadajen kowane sansani, ana kuma yin gini da katako da tanti yadda za a iya kwashe shi.

Wannan tsari bai rasa masu sukarsa ba. Tsadar ta fi ƙarfin yawancin 'yan ƙasa, ga kuma manoman da ke gefen fadamar, waɗanda giwaye ke cinye wa amfanin gona. Botswana na da giwaye kusan 130,000, fiye da kowace ƙasa a duniya. Gwamnati ta hana farauta a 2014, ta kuma ɗage hanin a 2019 bayan koke-koken mazauna karkara. Alhali kuwa mutanen yankin ne suka fara kare wurin, domin al'ummar Batawana ce ta kafa gandun dajin Moremi a 1963. Ƙauyuka irin su Khwai da Sankuyo sun kafa ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗin hayar filayensu daga masu sansani. Ya kamata mai shirin tafiya ya tambaya: filin na wane ne, ma'aikata nawa ne 'yan yankin, ina ake zuba ƙazamin ruwa?

Kammalawa

A 2014 hukumar UNESCO ta sa Okabango cikin jerin wuraren gadon duniya, a matsayin wuri na 1,000. Duk da haka makomarsa tana hannun ƙasashe uku, waɗanda suka kafa hukumar haɗin gwiwa kan kogin a 1994. Madatsa ko babban aikin noman rani a saman kogin zai iya rage ambaliyar, kamar yadda madatsar Tiga ta rage ruwan fadamar Haɗeja da Nguru. Farin 2019 ya nuna yadda rassan fadamar ke ƙafewa idan ruwan Angola ya yi ƙaranci. Ga ɗalibin kimiyya, darasin a fili yake: mai son ganin giwa a Botswana a watan Yuli, ruwan da ya sauka a Angola a watan Janairu ne ya shirya masa tafiyar.